Dariya, Fushi da Zato: 'Yan Kallo da Finafinan da Suka Taɓa Iyakar Maza da Mata

1.0 Gabatarwa

Abubuwa biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu, kuma duka biyun a cikin yankin Abuja na gan su. Na farko a wata rumfar mai shayi ne a Zuba, inda na tsaya jiran mota da dare. An kunna wani tsohon fim na marigayi Rabilu Musa Ibro, ya ɗaura zane, yana tafa hannu yana fari da ido, yana zuba habaici irin na 'yan daudu. Direbobi da 'yan kamasho da fasinjoji kowa sai ƙyaƙyatawa yake yi, har da wani dattijo mai carbi a hannu wanda dariya ta sa shi share hawaye da bakin rawaninsa. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya ce a kashe.

Na biyu a aji ne. Na nuna wa ɗalibaina wani fim na ƙasar Beljiyam mai suna Close, wanda Lukas Dhont ya shirya a 2022. Fim ne a kan wasu yara maza biyu 'yan shekara 13, aminan juna. Ba tsiraici a cikinsa, ba batsa, ba wanda ya sa kayan mata. Amma ba a yi nisa ba sai ajin ya fara motsi, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wai su waɗannan mene ne tsakaninsu?”

Wannan maƙala ƙoƙari ce ta amsa tambayar da ke tsakanin waɗannan zama biyu. Me ya sa ƙato ya ɗaura zane a gabanmu muka yi dariya, amma yaro ya ɗora kansa a kafaɗar abokinsa hankalinmu ya tashi? Ba fatawa na zo bayarwa ba. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci sananne ne, haka kuma hanin da aka yi wa namiji ya kamanta kansa da mace, kuma malamai sun wadatar da mu da bayani. Aikin matarkin adabi daban ne: ya dubi abin da aka nuna, da yadda aka nuna shi, da abin da ya haifar a zuciyar mai kallo. Abin da nake so in tabbatar shi ne, ba abin da fim ya nuna ne yake yanke yadda 'yan kallonmu za su karɓe shi ba, tazarar da fim ɗin ya bari tsakaninsu da tauraronsa ce. Sannan in nuna cewa zaton da ya shigo mana a wannan zamani ya fara cin wani abu namu mai daraja, wato abota da ƙawance.

2.0 Abin da Muka Gada

Kuskure ne a ɗauka cewa majigi ne ya fara nuna wa Bahaushe namiji cikin kayan mata ko mace cikin kayan maza. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe, wanda yara kan fara bayan azumi ya kwana goma. A tashen Mairama da Daudu yarinya ce take sa riga da hula ta fito a matsayin miji, matan gida su yi dariya su ba da sadaka. A makarantun kwana na maza kuwa, idan aka tashi wasan kwaikwayo, wani yaro ne ake ɗaura wa zane da ɗankwali ya zama uwargida, tun da ba 'yan mata a makarantar. Hasali ma, a 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasan Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ƙashin bayan wannan wasa shi ne budurwa ta ɓad da kama ta zama saurayi, wata mace mai daraja ta kamu da sonta tana zaton namiji ce. An karanta shi, ba a ji an yi tarzoma ba.

Sai kuma 'yan daudu, waɗanda ba a dandalin wasa suke ba, a cikin gari suke. An san su da sana'ar tuwo da suyar kaji a tashoshi da kasuwanni, da hidimar bukukuwa, da ƙwarewa wajen karin magana da habaici. An kuma daɗe ana danganta su da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Bahaushe bai taɓa ɗaukar daudanci abin yabo ba, amma ya ba shi suna, ya ba shi gefe a kasuwa, yana sayen abincinsa yana yi masa ba'a.

A ɗaya ɓangaren akwai abota da ƙawance. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau har aka buga shi littafi a 1954, ta yi bayanin yadda 'yan mata kan ƙulla ƙawance ta hanyar musayar kyauta, su riƙe shi har tsufa, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta a biki da suna da mutuwa. Maza ma haka. Aminai biyu su riƙe hannun juna daga masallaci har kasuwa, su ci a akushi ɗaya, su kwana a soro ɗaya, ba wanda zai waiwaya. A al'ummar da ta raba maza da mata tun suna ƙanana, yawancin tausayi da shaƙuwar da matashi zai samu kafin aure daga ɗan'uwansa namiji yake samun su, budurwa kuma daga ƙawarta.

Da wannan guzuri Bahaushe ya shiga silima. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, daga baya finafinan Indiya suka mamaye zukata, kamar yadda Brian Larkin ya nazarta. Wanda ya ga Sholay na 1975 zai tuna da Amitabh Bachchan da Dharmendra a kan babur suna waƙar amincinsu, da yadda ɗayansu ya ba da ransa don ɗaya ya tsira. Iyayenmu sun yi kuka a wannan wuri, kuma ba wanda ya tambayi abin da ke tsakaninsu. Sun san sunansa, amana.

3.0 Dariya

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama, tun daga Turmin Danya na 1990, ɗan daudu bai daɗe ba ya samu gurbi a cikinsu. Wanda ya fi fice shi ne Ibro Ɗan Daudu, na farkon shekarun 2000, wanda Rudolf Gaudio ya tattauna a littafinsa na 2009 a kan 'yan daudun Kano. Bayan Ibro ma an samu wasu, irin su Ado Gwanja, wanda fitowa a wannan matsayi tana cikin abubuwan da suka fara fito da sunansa.

Tambayar ita ce, me ake yi wa dariya? A ganina abubuwa uku ne. Na farko, mai kallo ya san ƙarya ce. Ya san Ibro ne, jiya ya gan shi a matsayin malami ko ɗan sanda ko direba, gobe ma zai gan shi a wani abu dabam. Zanen da ya ɗaura kamar gemun audugar 'yan tashe ne, ana gama wasa za a cire. Na biyu, harshe. Ɗan daudun fim gwanin magana ne, yana faɗin abin da namiji mai kamun kai ba zai faɗa ba, yana kuma faɗinsa da gishiri. Mai kallo yana more wannan fasaha ba tare da ya ɗauki nauyinta ba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, irin wannan tauraro ba shi da ciki. Ba a nuna mana shi shi kaɗai a ɗaki da dare, ba mu san abin da ya ji ranar da mahaifinsa ya kore shi ba, ko ma yana da mahaifi. Daga waje kawai muke ganinsa, shi ya sa dattijon Zuba ya yi dariya hankalinsa kwance. Dariyar tana tabbatar masa cewa shi yana nan, wancan yana can.

Sai dai ba a nan dariyar take tsayawa ba. Sau da yawa 'yan kallonmu ba sa raba ɗan wasa da rawar da ya taka, har ta kai Gwanja ya sha yin bayani a hirarraki cewa abin da ake gani sana'a ce kawai. Haka kuma dariya ba kariya ba ce ga wanda ake yi wa ita. A watan Agusta na 2024 an tsinci gawar wani matashi a gefen titin Katampe zuwa Mabushi a nan Abuja, wanda ya yi suna a TikTok da shigar mata, jama'a da yawa suna kallonsa don nishaɗi. Wanda aka saba kallo a matsayin abin dariya, da wuya a tuna cewa yana da jini a jika.

A shekarar 2024 ɗin dai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da hana finafinan da ke nuna daba da daudanci. Wato abin da aka yi shekaru ana yi wa dariya ya koma abin tsoro. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin wannan sauyi yana cikin kashi na gaba.

4.0 Fushi

Abuja ce mazaunin hukumomi biyu da suke da hannu a wannan batu. A nan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da dokar haramta auren jinsi ɗaya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. A lura da wannan kashi na biyu, domin ya mai da nuni kansa laifi, fim kuwa ba shi da wata sana'a sai nuni. A nan Abuja kuma hedikwatar Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa take, wadda aka kafa da dokar 1993.

A 2020 Pamela Adie da Uyaiedu Ikpe-Etim suka shirya wani gajeren fim mai suna Ìfé, wato soyayya da Yarbanci, a kan wasu mata biyu 'yan Nijeriya. Tun daga tallarsa aka fara hayaniya, shugaban hukumar na lokacin, Adedayo Thomas, ya yi gargaɗin cewa doka za ta yi aikinta. Fim ɗin bai shiga gidajen silima ba, a intanet aka sake shi a watan Disamba na shekarar. A 2021 kuma aka dakatar da nuna fim ɗin Eternals na Amurka a gidajen silima na ƙasar nan saboda wata 'yar fitowa tsakanin maza biyu, sai da aka yanke wurin aka ci gaba da nunawa. Abin lura ga manazarci shi ne, hukuncin jama'a a kan Ìfé ya riga fitowar fim ɗin. An samu sabon nau'in 'yan kallo, waɗanda ba su kalla ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya kori gani.

Ba mu kaɗai ba ne. A Indiya, ƙasar da muka koyi rawa da waƙar fim daga gare ta, an far wa gidajen silima a Mumbai da Delhi a watan Disamba na 1998 saboda fim ɗin Fire na Deepa Mehta. Amma misalin da ya fi haska mana hanya shi ne na Kenya. A 2018 Wanuri Kahiu ta fito da Rafiki, labarin wasu 'yan mata biyu a Nairobi, Kena da Ziki, waɗanda iyayensu maza suke takarar kujera ɗaya. An nuna shi a bikin finafinai na Kan a Faransa, amma hukumar tace finafinai ta Kenya ta hana shi. Mai shirin ta bayyana cewa an nemi ta sauya ƙarshen labarin, domin bai nuna nadama ba, ta ƙi. Da kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai a watan Satumba na shekarar, gidajen silima sun cika.

Wannan batu na ƙarshen labari shi ne mabuɗin fahimtar fushin 'yan kallo. Marubutanmu na littattafan soyayya da masu shirya finafinanmu sun taɓa maganar maɗigo, musamman a makarantun kwana da gidajen masu kuɗi, amma kusan kullum a matsayin gargaɗi: mai yi ta haɗu da ciwo, ko hauka, ko tonon asiri, ko ta tuba. Mai kallo yana karɓar wannan, domin azabar ƙarshe tana yi masa aikin da dariya ta yi masa a fim ɗin Ibro, wato tana riƙe masa tazara. Abin da Rafiki da Ìfé suka yi shi ne cire wannan tazara. Sun kawo na'urar ɗaukar hoto kusa da fuska, sun sa kiɗa mai taushi, sun yi amfani da dukkan dabarun da aka saba amfani da su don a sa mu so jarumi da jaruma. Mai kallo sai ya ji zuciyarsa tana karkata zuwa inda aƙidarsa ta hana, ya ji kamar an yi masa kwanton ɓauna. Fushin nasa martani ne ga wannan.

Tilas a yi wa wannan mai kallo adalci. Bai yi kuskure ba da ya gane cewa fim yana da manufa. Masu shirya Ìfé ba su ɓoye cewa suna neman sauya tunanin jama'a ba, kuma wanda aka nufa da kira yana da 'yancin ya ƙi amsawa. Bugu da ƙari, ya ga yadda wasu ƙasashen Turai da Amurka suka riƙa matsa wa ƙasashen Afirka lamba a kan wannan batu, don haka yake kallon kowane fim irin wannan a matsayin ɗan aike. Wannan ne ya sa ɗan daudun da aka yi wa dariya a shekarun 2000 ya zama abin hani a 2024. Ba shi ne ya sauya ba, idon da ke kallonsa ne ya fara hango wata runduna a bayansa. Inda matsalar take shi ne, idon da ya koyi zargi ba ya sanin inda zai tsaya.

5.0 Zato

Mu koma ajin da na fara da shi. Léo da Rémi, taurarin Close, sun tashi tare a ƙauye, suna tsere a gonar furanni ta iyayen Léo, suna tafiya makaranta a kan kekuna, Léo yana kwana a gidan su Rémi kamar ɗan gida. Da suka shiga sakandare sai wasu 'yan mata 'yan ajinsu suka tambaye su ko soyayya suke yi. Léo ya musa, amma tambayar ta riga ta shige shi. Ya fara janye jiki, ya daina jiran abokinsa a hanya, ya shiga wasan ƙwallon ƙanƙara don a gan shi cikin maza. Rémi bai san laifin da ya yi ba. Ƙarshenta ya kashe kansa, sauran fim ɗin kuwa a kan yadda Léo ya ɗauki wannan nauyi ne har ya iya buɗe baki ya gaya wa mahaifiyar Rémi. Fim ɗin ya sami babbar kyauta ta biyu a bikin Kan na 2022.

Ko sau ɗaya fim ɗin bai ce akwai wani abu tsakanin yaran nan da ya wuce abota ba. Wasu masu sharhi a Turai sun karanta shi a matsayin labarin soyayyar farko, wasu a matsayin labarin abota, kuma mai shirin ya bar ƙofar a buɗe da gangan. Abin da ya tabbata a cikin fim ɗin shi ne tambayar, da ɓarnar da ta yi. Ɗalibina kuwa ya yi wannan tambaya tun kafin 'yan matan cikin fim su yi ta. Da aka zo wurin da suka yi ta, ajin ya yi tsit, domin kowa ya ji muryarsa a bakin wani. Bayan an gama, wata ɗaliba ta ce ita da ƙawarta ta sakandare sun daina riƙe hannu a ɗakin kwanan ɗalibai tun ranar da aka fara yi musu wani irin kallo. Wani kuma ya ce shi da amininsa na ƙuruciya yanzu sai dai su gaisa kamar baƙi. Ba wanda ya tambaye su, su suka faɗa.

A nan ne batun ya shafi finafinanmu kai tsaye. Tun bayan da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kuma kafa hukumar tace finafinai ta jihar a 2001, ƙa'ida ce cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, ko da miji da mata suka fito. Sakamakon haka, kusan duk wata runguma da dafa kafaɗa da share hawaye da ake gani a finafinanmu tsakanin jinsi ɗaya ne: amarya tana kuka a jikin ƙawarta, aboki ya riƙe hannun ango. Nan ne kaɗai aka bar wa jiki damar nuna tausayi. Idan zato ya shiga nan ma, me ya rage? Za a wayi gari da finafinan da mutane suke tsaye nesa da juna kamar turakun rumfa, kowa yana karanto jawabinsa.

Akwai darasi a cikin sunan Rafiki kansa. Kalmar Sawahili ce mai asali daga Larabci, ma'anarta aboki ko ƙawa. Mai shirin ta ce ta zaɓe ta ne saboda masu irin wannan alaƙa a Kenya da wannan suna suke gabatar da juna. To idan wasu suka fake da kalmar ƙawa, wasu kuma suka fara zargin duk wadda ta ce ƙawata, wa ya yi asara? Dubban 'yan mata ne irin Baba ta Karo, waɗanda ba su nufin komai da kalmar sai abin da kakanninsu suka nufa. Masu kiran a karɓi sabon abu da masu tsaron ƙofa, duk da gabar da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan abu ɗaya: dukansu sun koya wa mai kallo cewa duk inda ya ga shaƙuwa to akwai sha'awa a ƙarƙashinta. Wannan karatu baƙo ne a wurinmu. Addinin da ya haramta aikin shi ne kuma ya yi hani ga yawan zato da bin diddigin asirin mutane a cikin Suratul Hujurat, ya kuma tsananta hukuncin ƙazafi. Ba daidai ba ne mu riƙe rabi mu saki rabi.

6.0 Kammalawa

Wani abokin aikina da ya ga daftarin wannan maƙala ya ce da ni gara a bar kaza cikin gashinta. Na fahimci damuwarsa, amma kazar ta riga ta shigo tsakar gida. Ɗalibin da ke Gwagwalada ko Kubwa ko Nyanya ba ya bukatar tikitin Silverbird kafin ya ga fim, yana da waya a aljihu, kuma almakashin hukuma ba ya kaiwa can. Finafinan Indiya ma, waɗanda muke fassarawa zuwa Hausa muna saye, sun ƙara ɗaukar wannan jigo a fili tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2018. Abin da ya rage mana shi ne mu koya wa matasanmu kallo, kamar yadda muke koya musu karatun waƙa da ƙagaggen labari.

Koyon kallo yana nufin iya rarrabe abubuwa uku da muke cakuɗawa. Akwai fim mai kira zuwa ga wani abu, wannan mai kallo yana da damar ya gane kiran ya ƙi shi, da hujja ba da ihu ba, kuma bayan ya san abin da fim ɗin ya ƙunsa. Akwai fim mai nuna mutum a matsayin mutum ba tare da ya wanke aikinsa ba, kamar yadda adabinmu ya daɗe yana nuna ɓarawo da karuwa da boka. Tausaya wa tauraro ba amincewa da halinsa ba ne, in da haka ne da ba a rubuta labarin kowa ba sai na waliyyai. Sannan akwai fim ɗin da bai nuna komai ba sai abota, mu ne muka zo da sauran daga gida.

Ga masu shirya finafinanmu kuma, ina ganin akwai jigon da yake jiran su, wanda ba su bukatar aro daga kowa: labarin aminai biyu, ko ƙawaye biyu, da baki ya raba. Mun san shi a unguwanninmu da makarantunmu, kuma ba hukumar da za ta hana shi. Idan muka bari tsoron abin da muke ƙi ya sa ɗan Bahaushe ya ji kunyar riƙe hannun amininsa, to garin neman gira mun rasa ido.

Ɗalibin nan da ya yi tambaya ya same ni a ofis bayan kwana biyu. Bai zo neman afuwa ba, ni ma ban ga laifin da ya yi ba. Cewa ya yi, “Malam, na kira wani abokina da muka yi shekara uku ba mu yi magana ba.” Ban tambaye shi abin da ya raba su ba.